Ranar da Yaya Ilu Ya Ce Kili Ne Ya Ci

Shekara goma sha bakwai ke nan da aka kashe yayana Iliyasu, wanda mutanen Daura suka fi sani da Ilu Mai Gwanjo. Na ce aka kashe, ban ce ya rasu ba, domin a gabana aka yi, kuma ni na ɗauke shi a motata. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta, sai in fasa. Yanzu furfura ta cika mini gemu, har na wuce shekarun da ya mutu yana da su, ban ga abin da nake jira ba kuma.

Sana'arsa gwanjo ce. Idan wani zai tashi daga gari, ko magada sun yarda a sayar da kayan mamaci a raba, Yaya Ilu ake kira. Ya hau kan benci da ƙararrawarsa, ya ɗaga keken ɗinki ko rediyo ko sirdin doki, ya fara kira: "Wa zai ƙara? Ba ƙari? Na kusa sallamawa!" Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, kafin a fara tayi sai ya faɗi aibin kaya. "Wannan gadon ƙafarsa ɗaya walda ce, ku duba da kyau." Masu kaya suna jin haushi, amma gobe su sake kiransa, saboda taronsa ya fi na kowa cika. In ya kaɗa ƙararrawa ya ce na sallama, ko ɗan uwansa ne ya zo da ƙari a bayan nan, ya makara.

Wannan halin ne ya sa masu dawaki suka roƙe shi ya riƙa yi musu alƙalanci a filin sukuwa da ke bayan gari, ta hanyar Zango. Ba a biyansa komai sai goro. Aikinsa ya tsaya daidai inda aka ja layi da toka, ya faɗi dokin da ya fara ƙetarewa. Ya tsani cacar da ake yi a gefen fili, ya sha faɗa a fili cewa haram ce, amma yana son dawaki tun yana ƙarami, kuma yakan ce in mutumin kirki bai tsaya a layin ba, wani zai tsaya.

Ni kuwa, Sabi'u, direba ne. Ina jan bas tsakanin Daura da Kongolam, ranar sukuwa kuma in koma jigilar 'yan kallo. A cikin motata ake fara cacar, tun kafin a ga doki. Ina jin su ta bayana suna musu, suna tafa hannu, suna miƙa kuɗi ga wanda zai riƙe. Da haka da haka ni ma na shiga, ban gaya wa Yaya ba.

A ranar dawaki biyu ne kowa ke magana a kansu. Akwai akawal, baƙin doki na wani attajirin garinmu, wanda ya daɗe ba a wuce shi ba. Akwai kuma kili, fari sol, da aka shigo da shi daga ƙetaren iyaka tare da mahayinsa, wani siririn mutum mai suna Mamman. Kusan duk 'yan gari a kan akawal suka zuba. Ni kuɗin da na tara don sayen tayoyi na zuba gaba ɗaya.

Bayan la'asar aka sake su. A zagayen ƙarshe suka zo kafaɗa da kafaɗa, mutane suka ɓalle igiyar da ta tsare su, suka matso har bakin layi. Daga inda nake tsaye ban ga wanda ya riga ba, kuma na tabbata yawancinmu ba mu gani ba. Yaya Ilu ya ɗaga hannu, fili ya yi tsit.

Ya ce, "Kili ne. Da tsawon wuya."

Wani ya yi ihu, "Ƙarya ne!" Wani ya amsa. Murya ta uku ko ta huɗu tawa ce. Wannan ne abin da na kasa rubutawa duk shekarun nan. Na buɗe baki na ce wa yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ƙarya yake yi, a gaban mutanen da ke neman dalili.

Yaran attajirin suka kewaye shi. Ɗaya ya ce, "Malam Ilu, ka ce tare suka shiga, kowa ya ɗauki kuɗinsa, a tashi lafiya." Ya girgiza kai ya ce, "Ba tare suka shiga ba."

Kan dokin suka fara faɗawa. Mamman bai gama sauka ba aka fizgo shi ƙasa. Wani mai barandami ya sunkuya ya datse wa kili agarar ƙafar baya. Ban taɓa jin kuka irin wanda dokin nan ya yi ba. Ya zauna daɓas kamar kare, yana ta ƙoƙarin miƙewa, jini yana tsartuwa a farin gashinsa, suna ci gaba da sara. Mamman yana ƙasa, ana tattaka shi, ana buga masa gora a haƙarƙari.

Yaya Ilu ya kutsa cikinsu. Bai riƙe ko tsinke ba. Ya tsaya a kan Mamman, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya buɗe hannuwa yana kiran mutane da sunayensu, har da sunayen iyayensu. Wasu suka ja da baya. Sai dutse ya same shi a goshi, hularsa ta faɗi. Ya durƙusa, ya kife a kan Mamman ya rufe shi da jikinsa. Wani ya tumɓuke turken da ake ɗaure doki, ya sauke masa a ƙeya, sau biyu. Ƙarar ta sa kowa ya tsaya. Kafin in ratsa in isa wurin, filin ya fara watsewa, mutane suna gudu suna barin takalmansu. Da yawa daga cikin fuskokin da na gani, ni na kawo su da rana.

Na kwantar da su biyun a kujerar baya na kama hanyar asibiti. Mamman yana aman jini, yana riƙe da kan Yaya a cinyarsa. Wajen shiga gari Yaya ya buɗe ido, ya kira ni.

"Sabi'u, nawa ka zuba?"

Na gaya masa.

"Kuɗin taya ke nan." Sannan ya ce, "Kili ne ya ci, ka ji. Na gani." Ya yi kalmar shahada. Kafin in tsayar da mota a ƙofar asibiti ya cika.

An kama wasu, an yi ta zaman shari'a, amma duk wanda aka tambaya sai ya ce bai ga wanda ya ɗaga turken ba. Ni ma bayan mutum kawai na gani. Dokin a nan filin aka ƙarasa shi. Mamman ya rayu, da karyayyen haƙarƙari da ido ɗaya. Da ya iya tafiya sai ya zo ta'aziyya shi kaɗai, ya ratsa tsakiyar gari da sanda, ya zauna a ƙofar gidanmu tun safe har azahar yana hawaye. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Caca ta bar bakin fili ta koma cikin aljihu. Samari suna zaune a tasha, kai a sunkuye kan waya, suna zuba kuɗin abincinsu a kan ƙwallon da ake bugawa a ƙasar da ba za su taɓa zuwa ba. Kwanan baya a gabana wani ɗan acaɓa ya fasa wa abokinsa kwalba a fuska saboda 'yar takardar caca, har kunne ya tsage. Na shiga tsakani, abin da ban yi ba a ranar da ya kamata. Ina jin Yaya ba zai yi dogon wa'azi ba. Zai tambaya ne kawai, su waye iyayen yaran nan, ya tafi ya same su. Gwanjon ma yanzu a waya ake yi, a ɗauki hoton kaya ta gefen da ba shi da aibi.

Bai bar gida na kansa ba, bai bar gona ba. Ya bar 'ya'ya huɗu, da mutum ɗaya a ƙetaren iyaka da ke numfashi saboda shi, da dattawan kasuwa da har yau in ciniki ya rikice suke cewa da Ilu na nan da an gama. Ban san ko wannan ya kai ran mutum ba. Wata rana in ga ya kai, wata rana in ce da ya ce tare suka shiga, da yanzu yana wasa da jikokinsa. Amma da ya faɗi haka, da ba shi ba ne.

Kafin in aika wannan rubutu na je wurin matarsa, Yaya Hajara, don kada ta ji a bakin wani. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa na gaya mata cewa ina cikin waɗanda suka ce ƙarya ne.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani tun ranar sadakar uku. Matan unguwa ba su bar ni ban ji ba."

Na ce, "Shekara goma sha bakwai, ba ki taɓa nuna mini ba?"

Ta ajiye faifan. "Na so in nuna. Amma da kuka shigo da shi, na ga rigarka ta fi tasa jini. Sai na ce wannan ya riga ya ga abin da zai ishe shi." Ta share ido da bakin zanenta. "Tashi ka kai Binta asibiti awo, tun ɗazu take jiran mota."

Binta ita ce autarsa, tana goye a baya ranar da aka kashe shi. Na tashi na kai ta.