Mai Sunan Baba

Ina goyon cikin fari a gidanmu na Kwatarkwashi, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, wani Bature ya sauka garin da akwatuna da kwalabe. Ba haraji ya kawo shi ba, jemagu yake nema. Da ma mun san Turawa ba su da aikin yi, amma ba mu san abin ya kai nan ba.

Babana na kwaso kashin jemage daga wani kogo a bayan dutse don takin gonarsa, saboda haka shi aka ce ya raka baƙon. A lokacin burinsa ɗaya ne a duniya: in haifi namiji a sa masa sunansa. 'Ya'yansa duk mata ne mu, kuma bai taɓa yin takwara ba. Mijina da danginsa na Bungudu sun riga sun yi masa alkawari.

Suka dawo da wani ɗan mummunan abu mai hanci kamar ganye. Bature ya shimfiɗa shi a zaurenmu, ya auna kunne, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya leƙa inda mai kunya ba ya leƙawa. Can sai ya miƙe yana ta tsalle. Tafintansa, wani dogon mutumin Tsafe, ya ce wannan irin ba a san shi ba ko'ina, ba shi da suna, kuma don girmamawa Bature ya raɗa masa sunan Baba.

Baba ya ce, "Mi ya ce? Sunana? Wanga abu da ka kwana kai ƙasa?"

Tafinta ya ce, "Awo, Malam. Can ƙasarsu sarakuna ka samun haka."

"To a kai ma sarakunan!"

Aka ce ai bakin alƙalami ya bushe, ko Sarkin Ingila ba ya iya sake shi.

Kafin la'asar mata sun fara shigowa yi wa Inna barka. Wanzami ya zo da askarsa yana tambayar ina jinjiri. Aka kai maganar gaban liman, ko suna na kamawa ba rago, ya ce rago sunna ne, suna kam ya kama. Sai daga baya tafinta ya faɗa cewa jemagen ma mace ce, kuma an riga an tsoma ta cikin kwalbar barasa don kada ta ruɓe. Mutumin da ko taba ba ya sha, ga takwararsa tana iyo cikin giya za ta Ingila.

Ni ma na yi dariya, har cikina ya ƙulle. Ban san a kaina za ta ƙare ba.

Na haifi namiji. Ranar suna kawun mijina ya ja Baba gefe, ya ce a yi haƙuri, duk kasuwar Bungudu zancen ake yi, ba za su so yaro ya tashi ana ce masa ƙanin jemage ba. Aka sa wani sunan. Baba ya yi addu'a tare da kowa, ya rarraba goro da hannunsa, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Har yau in na tuna bayansa yana fita ƙofa sai raina ya ɓaci. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, kuma cikin jikokinsa babu wanda ya ci sunan.

A wurinmu 'ya ba ta kama sunan mahaifinta, ba ta kuma zagin wanda ya ci sunan, balle duka. Shekaran jiya wani mai hancin ganye ya shigo ɗakina ya maƙale a rufi, jikata ta ɗauko tsintsiya. Na ƙwace.

Ta ce, "Inna, jemage ne fa."

Na ce, "Aje. Mai sunan Baba ne, shi ɗai gare shi."

Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa saboda kashi, na gaishe shi.