Iskar Kawu Illa

Shekara talatin da biyu Kawu Illa yana faci a bakin hanyar Afala, kuma a Tahoua kaf babu direban da zai ce tayarsa ta taɓa sacewa bayan ta fito daga hannunsa. Ƙanin mahaifiyata ne. Ya baro Kalfu yana saurayi da famfo ɗaya, ya aurar da ƴaƴa biyar da shi. Idan ya gama hura taya yakan ɗalle ta da yatsa, in ba ta amsa masa da ƙara ba, bai gama ba. Wannan halin ne ya kusa cinye mini shekara guda.

Ina rubuta kundin digirina kan yadda ake auna ƙarfin da haske da ƙwayoyin zarra da abu mai motsi suke taɓa juna. Ɓangaren zarra malamina ya aiko da sakamakonsa daga waje. Nawa shi ne in haska siririn hasken leza a kan wani ɗan madubi da bai kai ƙumba ba, in auna yadda rawarsa ke karkata hasken. Matsalar ita ce komai girgiza shi yake: babur, rufe ƙofa, har tafiyar mutum. Teburin da ke shanye girgiza kuwa ba mu da shi. Sai malamina ya ce in ɗora faifan siminti a kan robar cikin tayar babur guda huɗu, amma su zama lako-lako, rabin iska.

Kawu ya kawo robobin da kansa, ya ƙi karɓar komai. Na yi masa bayani sau uku. Ya ce, "Na jiya, ɗiyata."

Kwana goma sha ɗaya ina fama. Da yamma in rage iska, layukan haske su tsaya cak a kan allo. Da safe in tarar suna rawa kamar ruwa a kan jaki. Na zargi wayoyi, na zargi zafi, na kwance komai na sake ɗaurawa sau biyu. Saura kwana huɗu a rufe karɓar kundi, ba ni da lamba ko ɗaya. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Rannan na yi sammako zuwa ɗakin gwajin. Sai ga Kawu durƙushe a ƙarƙashin tebur da famfonsa, yana ta aiki har da gumi. Ashe kullum bayan asuba yake biyowa, mai gadi abokinsa ne.

"Kawu! Me kake yi?"

"Mi ni kai? Gyara maki ni kai. Kullum in iske sun sace. Ɗalibbai na shigowa nan, sun san ni na kawo su. Ki so a ce Illa ya tsuhwa?"

Raina ya ɓaci. Ban iya yi masa faɗa ba, ƙanin uwa ne. Na kunna lezar kawai, na nuna masa allon, na ce ya sassauta bakin robar da hannunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya danna. Iska na fita yana runtse ido kamar ana cire masa haƙori. Daga ta farko har ta huɗu, layukan suna lafawa, har suka tsaya. Ya saɓa famfonsa ya fita a hankali, yana taka ƙasa da yatsun ƙafa.

A kwana uku na samu lambata, na miƙa kundi ana saura rabin yini. A shafin godiya na rubuta: Malam Illa, mai faci, wanda ya haɗa teburin gwaji. Na kai masa har rumfa na karanta masa, ina jiran ya yi murna.

Ya waiwaya ya ga ko direbobi sun ji, ya rage murya.

"Zalika, don Allah ki goge. Ki ce wani na."