Gaisuwar Inna Dama da Hagu

Ƙarar moɗa ce ta fara. Ta faɗo daga bakin randa, ƙwal, ta gangara har gindin turmi. Inna ce ta ture ta da gwiwar hannu, sannan ta tsaya tana tambayar wanda ya ajiye ta a nan, alhali ita da kanta ta ajiye. Dawowata hutu ke nan daga lakol, makarantar boko, a Damagaram, zamanin Nasara na mulki, na kuwa yi dariya. Allah ya yafe mini.

Tun kafin wannan hutun jikin mahaifiyata ya fara sauyawa, sannu a hankali, yadda mu na gida ba mu ankara ba. Takalmi ya matse ta. Awarwaron azurfarta ya nutse a tsintsiyar hannu, sai da maƙeri ya yanke shi. Haɓa ta yo gaba, haƙora suka buɗe, murya ta yi kauri har in ta yi sallama sai a zaci namiji ne. Ga ciwon kai wanda ba ya jin jiƙo. Duk wannan mutanen garinmu Dungas sun gani sun yi shiru, don halitta ta Allah ce. Abin da ba su yafe ba shi ne gaisuwa.

Inna takan wuce mata zaune a bakin hanya ba ta ce musu ci kanku ba. A rijiya, maƙwabciyarmu, wadda suka tsufa suna miƙa wa juna daddawa ta saman darni, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita tana jan guga, Inna ba ta ko waiga ba. Aka ce jiki ya girma, kai ma ya girma. Aka ce don 'yarta na karatun Nasara ne. Daga nan goron suna ya daina shigowa gidanmu. Matar da ita ke tuƙa tuwon kowane suna a unguwa, ta koma sai dai ta ji guɗa daga ɗaki.

Ta rantse mini ba ta ganin su. Muka je Magaria, muka hau motar gyaɗa zuwa Damagaram. Likita Bature ya zaunar da ita, ya ce ta kalli hancinsa, yana kaɗa yatsu ta gefen kunnenta. Ba ta gani ba sai da yatsun suka iso gabanta. Ni na yi tafinta. Ya ce wani ƙulli ne ya tsiro a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda ke ba jiki umarnin girma, shi ya sa ƙashinta bai tsaya ba. Ƙullin kuma yana danne jijiyar gani, sai gefe da gefe su dushe, tsakiya ta rage. Aikin cire shi sai Dakar. Inna ta ce in tambaye shi ko za ta ci gaba da ganin gabanta. Ya ce a yanzu dai, e. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ja mayafinta.

Baffa, ƙanin mahaifinmu da ya riƙe mu bayan rasuwarsa, ya yanke cewa ta zauna a ɗaki, a huta da surutu da kuma kallo.

"Baffan yara," in ji Inna, "ido Allah ya taɓa, bai taɓa bakina ba. Sun ce ban gaishe su ba? Za su gaji da amsawa."

Washegari ta ɗauki tulu ta fita, ina biye. Tun daga ƙofar gida ta fara, da wannan muryar tata mai kauri, sannunku ta dama, sannunku ta hagu, ko da mutum ko babu. Ta gaishe da rumbu. Ta gaishe da jakin wani da ke ɗaure, har da tambayar gajiya. Ni kam kamar ƙasa ta tsage in shige, na kama gefen zanenta na ce mu koma. Ta fizge.

Wata daga cikin matan rijiya ta ce, "To, jakin ya amsa kuwa?"

"Ya fi wasu saurin amsawa."

Aka kwashe da dariya, kuma a cikin dariyar nan wasu suka amsa. Haka ta riƙa yi kullum, har ranar kasuwa. Ni kuma na bi gida gida ina kaɗa wa mata yatsu ta gefen kunne, ina nuna musu abin da likita ya yi. Wasu suka yi salati, wasu suka ce dabarar 'yan lakol ce.

Maƙwabciyarmu ce ta fi daɗewa. Kowace safiya bayan azkar Inna sai ta fuskanci darnin ta gaishe ta, ta tambayi jikin 'yar maƙwabciyar mai tsohon ciki. Shiru. Gobe ta sake. Ranar da muka ji kukan jariri ma ta yi barka ta saman darnin, ba a amsa ba, ta dawo ta zauna tana jan tasbaha da manyan yatsunta.

Ana gobe suna ina tankaɗe, sai ga autar maƙwabciyar, 'yar ƙarama, da goro a tafin hannu. Ta tsuguna kusa da ni tana leƙen Inna.

"Yaya, babarmu ta ce Inna ta zo da muciyarta da sassafe. Ta ce wai ita a gaban Inna za ta zauna, ba a gefe ba."