Kwamfutar da Auta Ta Aiko

Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Guduma ake ce masa, kuma ya daɗe da daina ƙorafi, don hannunsa ne ya jawo masa. Mai buga takardu ne a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin tela da mai ɗaukar hoto. Tun yana saurayi ya koyi aikin a kan tafireta, zamanin da ake jera takardu da kabon a tsakaninsu, kuma maigidansa ya cusa masa cewa harafin da bai fito a takardar ƙarshe ba, to ba a buga shi ba. Shi ya sa ya tashi yana dukan maɓalli da iya ƙarfinsa. In ya kama aiki, tela yakan rantse cewa har allurar kekensa rawa take yi.

Da zamani ya juya aka koma kwamfuta, hannun bai juya ba. Allah ya taimake shi ya dace da wata tsohuwa da wani ofis ya sallama, akwatinta ƙarfe zalla, sai an kama masa ake ɗaga ta, maɓallanta dogaye masu ƙara. Shekara da shekaru yana jibgarta ba ta taɓa yi masa gardama ba. A kanta yake ɗora kofin shayi, a jikinta yake jingina gwiwa in ta yi tsami. Ranar da ta ƙi tashi, mai gyara ya buɗe ta, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali, ya ce sai haƙuri, kayanta ko a wajen 'yan gwangwan ba a samu yanzu.

Labari ya kai wa Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda aikin jinya ya kai wata ƙasa mai nisa ita da mijinta. A can ta haifi ɗan da Guduma bai taɓa ɗauka ba. Auta kuwa a ƙarƙashin teburin shagon nan ta girma. Uwarta in za ta fita aiki sai ta shimfiɗa mata zani a nan, yarinya ta yi barcinta na rana uban yana ta ruwan duka a samanta. Ita ce ta sa aka kawo masa sabuwar kwamfuta har bakin shago, da 'yar kyamara a saman gilashinta. Ta ce wayarsa ƙarama ce, idonsa kuma ya yi rauni, da wannan zai riƙa ganinsu sosai.

Ranar da aka buɗe kwalin, rabin layin ya taru. Guduma ya naɗe hannun riga, ya kafa ƙafa, ya yi bisimilla ya ɗaga akwatin da ƙarfin da ya saba, saura kaɗan ya faɗi ta baya. Abin ba nauyi ko kaɗan. Ya danna gefensa da ɗan yatsa, ya ga ya lotsa ya dawo kamar gwangwanin madara. Noti ɗaya ma babu shi, ramin ne kawai. Mai hoto ya ce ai haka ake yin na zamani, sauƙi aka samu. Guduma ya ajiye akwatin a hankali.

Gaskiya wanda ya haɗa wannan kwamfuta bai yi niyyar su daɗe tare da kowa ba. Ba a yi sati ba fankarta ta fara karkarwa. Maɓallin kunnawa ya shige ciki, sai da tsinke ake lallaɓo shi. Dogon maɓallin nan na ƙasa mai ba da tazara ya karye a gefe guda, haruffa suka fara gogewa, wata rana kuma yana tsakiyar buga wa wata mata takardar neman aiki, wani maɓalli ya yi tsalle ya faɗa cikin jakarta. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, duk lokacin da ya saki hannu teburin ya girgiza, sai gilashin ya ɗauke ya yi baƙi ƙirin.

Mai gyara ya gaya masa gaskiya. Ya ce komai na cikinta a sake yake, ba za ta jure wannan hannun ba, ko dai ya rage duka ko kuma wata rana ta ɗauke ba ta dawo ba. Guduma ya tsaya yana kallon 'yar kyamarar. Aiki ba ya damunsa, ko da biro zai iya ci da kansa. Amma ta wannan gilashin ne kaɗai yake ganin fuskar Auta har da ɗan tabon da ke haɓarta, ta nan ya ga haƙorin jikansa na farko.

Sai ga dattijo ya koma koyon aiki. Ya riƙa taɓa maɓallai da kan yatsa, a tsorace, yana riƙe numfashi. Aiki ya rage sauri, kuskure ya yawaita, kafaɗunsa suka riƙa ciwo saboda riƙe ƙarfin da ba shi da wurin zuwa. Layin ya yi tsit. Tela yakan leƙo ya ce ya zo ne ya duba ko maƙwabcinsa yana da rai. Su yi dariya, amma in tela ya fita Guduma yakan kai gwiwa inda tsohuwar take da, ya ji wayam. Yana kewarta ƙwarai, da ita da zamanin da ake yin abu don ya daɗe, da 'yar da take barci kusa da ƙafarsa.

Auta dai bai gaya mata ba. In ta kira a ƙarshen mako, yakan tura salatif da gam inda kyamara ba ta gani, ya ce kwamfuta lafiya lau, ai duk layin babu irinta. Ya san yarinyar ta matse bakin aljihunta ta yi masa, ba zai iya kashe mata gwiwa ba.

Wata rana da la'asar ta kira, yaron yana saɓe a kafaɗarta yana ta tsala kuka, idanunta sun yi zuru-zuru don gajiya. Ta ce ta yi duk dabarar da ta sani ya ƙi barci.

"Baba, don Allah buga wani abu in ji," in ji ta. "Ko mene ne."

Ya ɗora yatsu ya fara taɓawa a hankali, yadda ya koya. Ta karkato da kunne, ta jira, sai fuskarta ta canza.

"Ban ji komai ba. Baba, hannunka lafiya kuwa? Kar ka ɓoye min, ni ma'aikaciyar jinya ce."

Nan ya ga ɓoyon ya fi faɗar gaskiya ciwo, tunda har ta fara zaton shanyewar hannu. Ya ɗaga allon maɓallan ya nuna mata, da salatif ɗinsa da giɓinsa, ya gaya mata komai, har da maɓallin da ya shiga jakar matar nan. Ta yi dariya har yaron ya tsaya yana kallonta, sai kuma dariyar ta koma hawaye.

"Na san ba mai ƙarfi ba ce, Baba, ita na iya. Amma da na saya, na ɗauka zan riƙa jin ka kana aiki. Nan wurin shiru ya yi min yawa."

Ya ce ta ba shi minti kaɗan. Ya shiga ƙuryar shagon, ya ture kwalaye, ya jawo tafiretarsa ta da daga ƙarƙashin wani tsohon buhu, yana nishi don nauyinta. Bai ɗora ta a teburin ba, kada kwamfutar ta girgiza ta ɗauke masa fuskar 'yarsa. Kujerar baƙi ya jawo ya aza ta a kai, ya hure ƙura, ya zura farar takarda, ya saki hannu.

Ƙarar ta cika shagon ta fita layi. Keken tela ya tsaya. Tawadar ta bushe tun tuni, ko harafi ɗaya bai fito a takardar ba, shi kuwa ko a jikinsa. Yana bugawa, ƙararrawa tana kaɗawa a ƙarshen layi, yana turo kan tafiretar baya, yana satar kallon gilashin. Kukan yaron ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, ya ɗauke. Auta ta jingina kai da bango ta lumshe ido, kamar dai lokacin da take ƙarƙashin teburin.

Takardar ta ƙare fara fat yadda ya zura ta. Ya duba ya ga ita ma Autar barci ya kwashe ta, sai ya zare takardar a hankali, ya juya bayanta, ya sake zurawa ya ci gaba.