Hannun Famfon Tofazzal

A ƙauyukan bakin kogin Meghna, can Bangladesh, babu wanda bai san Tofazzal mai haƙa burtsatse ba. Ɗan siririn mutum ne, ga bakin tsiya. Yana yaro amai da gudawa suka kwashe ƙannensa biyu a damina guda, tun daga nan ya ƙulla gaba da tafki. In ya ga mace ta tsuguna a bakin ruwa da tulu, sai ya ja birki, bututu a kafaɗa.

"Ɗebi da kyau, Yaya! Matsa can gefen da yara suka yi kashi ɗazu, ya fi maiƙo."

Ana zaginsa, ana kuma kiransa aiki. Da gora da igiya da ƙarfin damtse ya dasa famfon tuƙa-tuƙa a kusan kowane tsakar gida, kuma tsakani da Allah ƙananan kaburbura sun ragu. Na gidansa ya fi ji da shi, kullum sai ya shafa masa mai.

Sai da furfura ta cika masa kai wasu ma'aikata suka zo da 'yan kwalabe suka auna ruwan. Suka ce akwai guba a ƙarƙashin ƙasa mai cin mutum a hankali, ita ke fito wa jama'a da baƙaƙen tabo a tafin hannu. Famfo mai lafiya aka shafa wa bakinsa koren fenti, mai guba kuma ja. Rabin aikin rayuwar Tofazzal ya koma ja, har da na gidansa.

Mutane ba su raga masa ba. Yana shiga shagon shayi za a ce, "Ga mai rabon guba nan! Malam Tofazzal, yau gidan wa za ka kashe?" Masu faɗin haka kuwa su ne waɗanda ya raba 'ya'yansu da kabari. Ranar da ma'aikatan suka tara jama'a a filin makaranta don yin bayani, kunya ta hana shi zuwa. Ya kwance hannun famfonsa, ya wurga ƙarƙashin gado.

Shefali, matar ɗansa, wanda ya tafi neman abinci birnin Dhaka, ta ce, "Baba, wanke-wanke fa?"

"Ku san yadda za ku yi. Kada in ƙara jin an ambaci famfon nan a gidana."

Koren famfo mafi kusa na masallaci ne, da nisa, tulu ɗaya Shefali ke iya ɗaukowa. Tulu ɗaya ina zai kai gida? Sha kawai. Kwanuka, tukwane, har ruwan da ake zuba wa ragowar shinkafa ta kwana a ci da safe da gishiri da barkono, duk suka koma tafki. Tofazzal yana gani, ya kau da kai. Zuciya ta ci mutumin har ya manta abin da ya fi kowa sani.

Abu ɗaya ya rage masa mai daɗi, jikarsa Tuni, 'yar Shefali, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. "Zo nan, amaryata, tsohon mijinki ya gaji," in ji shi, ya ɗora ta a cinya yana ba ta jiƙaƙƙiyar shinkafar da hannunsa.

Farkon damina gudawa ta kama ta. Kafin kwalekwale ya kai su asibitin gunduma idanunta sun faɗa. Aka kwantar da ita a gadon leda mai rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, cikin layin yara irinta. Wata nas tana laluben jijiya don ƙarin ruwa tana tambaya.

"Baffa, wane ruwa kuke sha?"

"Na koren famfo," in ji shi da sauri.

"Kwanonta fa? Jiƙon shinkafa fa?"

Shefali ta sunkuyar da kai. "Tafki."

"Ba ku da famfo?"

"Ja ne."

"Haba, Baffa! Ja ai sha da girki aka hana. Wanke kwano, wanke hannu, wanka, duk ba komai. Da kun yi haka, tulun koren ya ishe ku abin ci da sha. Ba a faɗa muku ba?"

An faɗa, a filin makaranta. Ya dubi Shefali.

"Na ji a bakin maƙwabta, Baba," ta ce. "Kai ka ce kada a ambace shi."

Washegari da hantsi suka dawo da gawar Tuni naɗe a zanen uwarta. Mata suka taru za su yi mata wanka, ɗaya ta ɗauki tulu ta nufi tafki.

"Ajiye," in ji Tofazzal.

Ya durƙusa ya jawo hannun famfon daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa. Ya ɗaura, ya tuƙa. Famfon ya yi tari, sannan ruwa ya zubo fari tas, mai sanyi. Da kansa ya cika musu bahon, ya cika, ya ci gaba da tuƙawa, babu wanda ya iya ce masa ya isa.