Dubiyar da Malam Dabo Bai Je Ba

Mahaifinmu Malam Dabo mai awon hatsi ne a kasuwar Daura. Ya fi shekara arba'in yana zama gaban buhunan gero da dawa da tiyarsa a hannu. Amma in ka tambayi mutanen unguwarmu wane ne Dabo, ba awo za su fara ambata maka ba, dubiya za su ce. Duk Juma'a da an sauko daga masallaci, zai rataya ledar lemo a kekensa ya nufi asibiti. Wanda ya sani ya duba shi, wanda bai sani ba ma ya tsaya a gadonsa ya ce, "Sannu bawan Allah, ya jikin? Daga wane gari?" Kafin ya bar gadon sai ya binciko wani kawun mutumin da suka taɓa ciniki. Innarmu takan tsokane shi da cewa ya kamata likitoci su ɗinka masa farar riga kowa ya huta.

Ni ne autansa, ni ne kuma na yi boko mai ɗan zurfi, ina koyarwa a sakandare. Wannan ya sa nake ganin na fi kowa a gidan sanin abin da ya dace. Dubiya irin tamu tana ba ni haushi: mutum ashirin su cika ɗaki, wannan ya ce a jiƙa saiwa kaza, wancan ya kawo labarin wanda irin ciwon ya kashe bara, marar lafiya yana ta amsa gaisuwa har numfashinsa ya ƙare.

Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar girbin gero, Baba ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin hagu. Aka kwantar da shi, na zama mai jinya. Ranar farko kafin la'asar ɗakin ya cika maƙil, har baranda. Likita ya ja ni gefe ya ce a rage mutane, tsohon yana bukatar hutu. Ragewa ya ce, bai ce a hana ba. Hanawar tawa ce.

Na kashe wayar Baba na jefa aljihu, na kafa zama a kan bencin da ke baranda. Duk wanda ya zo na ce masa, "Yana barci." Da yamma Baba zai juyo da karkataccen bakinsa ya ce, "Auta, wa ya zo?" In ce, "Babu kowa, Baba." Na san in na faɗi gaskiya cewa zai yi a shigo da su.

Cikin waɗanda na kora har da Ya'u, amininsa tun suna samari, dillalin tumaki a Zango. Ba ya riƙe waya, a ganinsa gaisuwar waya ba gaisuwa ba ce. Sau uku yana hawo babur ya zo. A na ukun ya zo da kular kunun gyaɗa, ya tsaya gabana yana murza hularsa.

"Auta, bari in leƙa shi kawai. Wallahi ba zan yi magana ba."

Na gaji, rana ta dake ni, kuma ina jin kaina. Na ce, "Baba Ya'u, ku ne kuke ƙarasa marasa lafiya da wannan sintirin. Ka koma gida, in an sallame shi za a aiko maka."

 Ya ajiye kular a kan benci ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Kunun na ba masu jinyar gadon kusa da mu, don kada Baba ya gane hannun da ya dama shi.

A kwana na biyar Baba ya daina tambaya. Ya daina cin abinci kuma. In mai gashin ƙashi ya zo ya ce ya matsa hannunsa, sai ya juya fuska bango. Wani nas mai suna Harisu, wanda ya san Baba tun zuwansa na Juma'a, ya same ni a benci ya ce jinin ya sauka, magani yana aiki, amma mutumin nan ya sare. "Ina jama'arsa? Mutumin da ya duba rabin garin nan a ce ba mai zuwa?" Na faɗa masa abin da nake yi. Ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya ba ni kunya, ya ce, "Malam, mutum bibbiyu, minti goma, bayan la'asar. Abin da likita yake nufi ke nan."

Washegari mutanen unguwa suka fara shiga. Ina tsaye ina jiran wanda zai tona ni. Babu ko ɗaya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Malam Dabo, a yi haƙuri, mun makara." Kawaicin nan nasu ya fi mini zagi ciwo. Ran nan Baba ya sha koko kofi guda, kafin mako ya zagayo yana ɗaga hannun. Sai dai kullum yakan ce, "Ya'u fa?" In ce ban gan shi ba. Da aka sallame mu ma ban aika Zango ba, don ban san da wane ido zan dubi tsohon ba.

Bayan wata biyu aka ce Ya'u yana kwance a wannan asibitin dai. Ranar Juma'a ce, Baba ya fara takawa da sanda. Inna ta ce, "Malam, ba za ka sa Auta ya kai ka ba?"

"Kwana goma sha bakwai na yi a kwance," in ji shi. "Zango nan ce kusa."

Tunda nake ban taɓa jin ya ƙi zuwa dubiya ba sai ranar. Ina tsaye a tsakar gida da makullin babur a hannuna, maganar tana bakina. Na ce a raina bari ya huce, gobe zan faɗa masa. Gobe ta zo na sake cewa gobe. Ranar Lahadi da safe Ya'u ya rasu.

Ni na ɗauki Baba zuwa Zango ta'aziyya. Muka tsaya a ƙofar ɗakin Shatu, matar marigayin, Baba ya yi mata gaisuwa. Daga ciki ta ce, "Malam Dabo, ai har ranar da zai cika cewa yake kada a ga laifinka, jikinka ne bai yi ƙwari ba. Shi ma sau uku ya je wajenka, aka ce kana barci. Ya dawo yana ta yabon Auta, wai ka dace da ɗa mai tsare lafiyarka."

Baba ya juyo ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba, sandarsa kawai nake kallo. Ya ce, "Haka ne, Shatu. Ya kula da ni ƙwarai."

Muka dawo Daura yana riƙe da kafaɗata. Da daddare na durƙusa na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, ya ce in je in ci tuwo. Har yau bai sake tayar da maganar ba, ni kuwa ban daina jin nauyinta ba.

Yanzu ba ya iya hawa keke, saboda haka ni nake kai shi asibiti duk Juma'a da ledar lemonsa. Yana nan yadda yake, gado zuwa gado, sai dai ya rage daɗewa, yakan ce marar lafiya yana son hutu. Amma da mun iso baranda sai ya karɓi ledar daga hannuna ya nuna mini bencin nan da sandarsa.

"Jira ni a nan, Auta," yake cewa, ya shiga shi kaɗai.