Murfin Malam Kuang

Gwaggo Miao ba gwaggona ba ce, duk layinmu haka muke kiran ta. Shekararta talatin da ɗaya tana zuba ruwan zafi a gidan shayin da ke bayan tsohon kamfanin ƙwan fitila a nan Chengdu ta ƙasar Sin. Ni kuwa a nan nake sana'ata, ina kwashe wa mutane dattin kunne. Kada wanda ya yatsine min fuska, na fi ɗaliban zanen nan cin nama.

Kamfanin ya daɗe da mutuwa, masu zane suka mayar da ɗakunansa wurin rataye hotuna, shiga kyauta. In ka gaji da kallon abin da ba ka gane ba, sai ka sayi taliya mai yaji ta yuan takwas, ka zo wurinmu. Shayi yuan biyar, ka wuni, Gwaggo ta yi ta ƙara maka ruwa har ganyen ya koma fari. Ba a kiran ta da baki, da murfin kofi ake yi. Ka jingina shi da ɗan farantin da kofin ke kai, ruwa kake so. Ka jefa shi cikin kofin a birkice, ka gama. Ka ɗora shi kan kujera, kana dawowa, kada a taɓa maka wuri.

Akwai wani tsoho, Malam Kuang, da can shi ke zana allunan sinima. Kullum yana kujerar gora ɗaya, daidai inda rana ke zubowa ta rufi, yana zana fuskokin mutane ba ko sisi. Ni ya yi min hanci kamar dankali, har yau ban yafe ba. Wata Talata da hantsi ya ɗora murfinsa kan kujera ya fita. Bai dawo ba.

Gwaggo ta tsare kujerar. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma. Ana haka wata yarinya ta sa hoton wurin a waya, sai ga mutane kamar ƙudaje, kowa hasken nan yake so ya faɗo masa a fuska.

"Gwaggo, minti ɗaya kawai, hoto zan yi."

"Akwai mai wuri."

"Ina yake?"

"Ba ki ga murfi ba? Makarantar me kuka yi ne?"

Ran kwana na goma sha shida mai gidan, Tsoho Lei, ya gaji. Ya ce, "Yaya Miao, murfi na mai zuwa bayan gida ne, ba na mai ƙaura ba. Zuwa Asabar ki ɗauke shi, ko ki ajiye min butata."

Ta ce, "Tun kana yawo ba wando ban taɓa ɗauke murfin mutum ba. Ga buta nan, Asabar ɗin ta zo."

Na san ta, za ta ajiye ɗin. Kuma matar nan in ba buta a hannunta ba ta san yadda ake tsayuwa ba. Sai na nannaɗe kayan aikina na shiga neman tsoho. Mai taliya ya tura ni wurin mai sayar da takardar zane, shi kuma ya kwatanta min gidan 'yar Malam Kuang. Bene, hawa na ashirin da biyu! Na tarar da shi a kwance, ƙafa a ɗaure, yana zana kyanwar gidan. Waina mai nama ya ce wa Gwaggo zai sayo ya dawo, ashe ya zame a kan ɓawon lemo. Waya kuwa bai taɓa riƙewa ba.

Na ce, "Malam, kana nan kana zana mage, za a kori Gwaggo saboda kujerarka!"

Ya kalle ni kamar ni ce mahaukaciyar. "To ai na bar murfi."

"Kwana goma sha bakwai fa!"

"Murfin ruɓewa ya yi?"

'Yarsa ta ce likita ya hana shi fita. Na yi mata kunne biyu kyauta, ta lumshe ido, ta ce likitan ma ai bai faɗi wace rana ba.

Asabar da safe na turo shi a keken marasa lafiya, ina ihu a ba mu hanya. Tsoho Lei na tsaye bakin ƙofa, Gwaggo ta riga ta goge butar za ta miƙa masa. Na tura Malam har gaban kujerarsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki murfinsa daga kan kujera, ya hure ƙura, ya jingina shi da faranti.

Gwaggo ta janye butarta daga gaban Lei, ta ɗaga ta sama, ruwa ya sauka cikin kofi ko ɗigo bai fallatsa ba.

Ta ce, "Wainar a Beijing ake soya ta?"

Ya ce, "Layi ne ya yi tsawo."

Kujerar da aka yi wa wannan rigima ko zama bai iya yi a kai ba, ƙafarsa mai ɗauri ya ɗora. Masu hoto suka yi ta ɗaukar ƙafar.